MASU GADIN LAMBU DA BA A BIYAN SU: YADDA ZA A GANE GIZAGIZAI MASU SAƘAR FAIFAI

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a zauren makaranta, ranar taron shekara-shekara na ƙungiya



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama, alhali ga manyana a zaune. Lokacin da sakataren ƙungiya ya tambaye ni kan abin da zan yi magana, na ce masa gizo-gizo, sai da ya sa na maimaita. Ya ce, bara an yi jawabi kan aikin lauya, bariya kan aikin likita, bana kuma sai Gizo da Ƙoƙi? Na ce masa ya yi haƙuri ya saurara. To, ku ma haƙurin nan nake roƙo. Ni ma'aikacin gwamnati ne, tattalin arziki na karanta a jami'a, kuma abin da zan faɗa muku a lambun bayan gidana na fara koyon sa, bayan wata wauta da na tafka.

YADDA ABIN YA FARO

A daminar 2021 ne ɗiyata ta wayi gari da wani ja a wuyanta, kamar an ɗora mata wuta, har da 'yan ƙuraje masu ruwa. Duk wanda ya leƙo sai ya ce tautau ne. Ni kuwa a bayan gidana nan Birnin Kebbi ina da ɗan lambu: tumatir, kuɓewa, yakuwa, zogale, da lemun tsami guda biyu, kuma ko'ina ka duba yana ce. Raina ya ɓaci. Na sayo maganin feshi, na ari famfo, na bi lambun nan kusurwa-kusurwa, ban bar ko zare ɗaya ba. A asibiti kuma, da ma'aikacin lafiya ya duba yarinyar, sai ya ce wani ɗan ƙwaro ne da ke zuwa wurin fitila ta murƙushe a wuyanta cikin barci, babu ruwan gizo-gizo. Bayan 'yan makonni ƙananan fararen ƙudajen nan da ke maƙalewa a bayan ganye suka rufe tumatirin, tsutsa ta shiga kuɓewar. Na sake feshi, suka sake dawowa. Shekarar nan kuɗin magani ya fi abin da na tsinka.

Da kaka na je Argungu gaida kawuna, wanda ya tsufa yana noman lambu a bakin fadama. Na tarar da wata ƙatuwar yana tsakanin mangwaro biyu, na ɗauki kara zan share masa. Ya riƙe hannuna, ya ce, "Kak ka taɓa shi, ɗana. Wanga shi ka yi min gadi, kuma bai taɓa tambaya ta ko kwabo ba." Na ba shi labarin lambuna, ya yi dariya har da tafi, ya ce na kori masu gadi na bar wa ɓarayi gida. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Daga ranar na sayi littafin rubutu, na fara kallo da karatu.

MENE NE SAƘAR FAIFAI?

Malaminmu na kimiyyar halittu ya koya mana a cikin ajin can cewa ƙwaro ƙafa shida gare shi da gaɓoɓin jiki uku, gizo-gizo kuwa ƙafa takwas da gaɓoɓi biyu, kuma ba shi da fiffike. A shekarar 2022 adadin ire-iren gizagizan da masana suka raɗa wa suna a duniya ya kai 50,000. Ba dukkansu ke saƙa ba. Wasu farauta suke yi a ƙasa, wasu tsalle suke yi su cafke ƙuda a jikin bango. Waɗanda zan yi magana a kansu su ne masu yin saƙa zagayayya, wadda na kira saƙar faifai, saboda zarenta yana kewayawa daga tsakiya zuwa baki kamar ɗinkin faifai. Babban danginsu, wanda masana ke kira Araneidae, ya ƙunshi iri fiye da 3,000.

Duk wanda ya taɓa ganin Basarke ya watsa birgi a Gulbin Rima, ya ga siffar wannan saƙa. Ga yadda ake yin ta. Gizo-gizon zai saki zare iska ta ɗauka har ya maƙale a wani reshe. Wannan ita ce gadarsa. Daga nan sai ya kafa iyaka, ya ja zaruruwa daga tsakiya zuwa gefe kamar wayoyin ƙafar keke. Waɗannan ba su da danƙo, a kansu yake tafiya. Sai ya yi wani kewaye na wucin gadi daga ciki zuwa waje, sannan ya juyo daga waje zuwa ciki yana shimfiɗa zaren kamu mai ɗigon danƙo, yana cinye na wucin gadin. Aikin duka kamar awa guda yake ɗauka. Ko da yake idonsa takwas, ganinsa ba shi da ƙarfi. Da motsin zare yake gane abin da ya faɗa tarkonsa. Da yawansu kan cinye tsohuwar saƙar su sake sarrafa ta, ba sa asarar komai.

IRI SHIDA DA ZA KU IYA GANEWA

Sunayen Hausa da za ku ji ni na raɗa musu domin sauƙin tunawa. Na kimiyya kuwa su ne za ku nema a littafi.

Na farko, Mai Zinare, wato Trichonephila senegalensis, wanda kafin 2019 ake sa shi cikin jinsin Nephila. Shi ne na lambun kawuna. Macen babba ce, in ta baje ƙafafu ta kusa cika tafin hannu, ƙafafun kuma baƙi ne da ratsin rawaya. Saƙarta kan wuce mita guda a faɗi, tsakanin itatuwa ko daga itace zuwa waya, kuma in rana ta haska ta sai ka ga zaren yana ɗaukar ido ruwan zinare. Cibiyar saƙar ba a tsakiya take ba, ta fi kusa da sama, a nan take zama dare da rana. In kun lura da kyau za ku ga wani ɗan mitsitsi a gefe yana raɓe-raɓe. Ba ɗanta ba ne, mijinta ne. Ƙarfin zaren wannan dangi ya sa a ƙasar Madagaska wasu mutane biyu, Simon Peers da Nicholas Godley, suka tara zaren gizagizai fiye da miliyan ɗaya, aka saƙa mayafi da shi, aka nuna a gidan tarihi a birnin New York a 2009, aka kuma nuna wata alkyabba ta irin zaren a Landan a 2012. Launin rawayan nata na asali ne, ba a kai ta marina ba.

Na biyu, Mai Rubutu, jinsin Argiope. Shi ba ya hawa sama. Ku neme shi a tsayin gwiwa zuwa ƙugu, cikin kuɓewa, wake ko doguwar ciyawa. Alamarsa ba ta ɓuya: a tsakiyar saƙar akwai wani farin zane mai karkace-karkace, kamar yaro ya fara koyon riƙe alƙalami. Yana zama kai ƙasa, ya haɗa ƙafafunsa biyu-biyu su ba da siffar alamar sau ta lissafi. Gabansa ruwan azurfa ne, cikinsa da ratsin rawaya da fari da baƙi, wasu kuma gefen cikin nasu yana da tudu-tudu. In ka matsa kusa yakan girgiza saƙar da ƙarfi, ko ya faɗo ƙasa ya ɓuya. Na sha ganin fara ta faɗa masa, kafin ka ƙirga goma ya naɗe ta da farin zare kamar likkafani.

Na uku, Mai Ƙaya, jinsin Gasteracantha. Girmansa bai wuce farcen yatsa ba, amma in ka gan shi sau ɗaya ba ka mantawa. Bayansa tauri gare shi kamar na ƙaguwa, faɗinsa ya fi tsawonsa, ga ƙayoyi shida a gefe, ga launi mai haske, ja ko rawaya ko fari da ɗigon baƙi. Ya fi son wuri mai inuwa da laima, irin lambunan mangwaro da gwaiba na bakin fadama. Ƙayoyin nan kariya ce daga tsuntsaye, ba dafi ke cikinsu ba.

Na huɗu, Mai Rumfa, Cyrtophora citricola, wanda aka rubuta bayaninsa tun 1775. Duk mai lemu a gida ya san aikinsa ko da bai san sunansa ba. Danginsu ɗaya da na baya, amma tasa saƙar a kwance take, idonta ƙanana kamar gidan sauro, an ɗaga tsakiyarta sama da zaruruwa barkatai ta zama kamar rumfa, kuma ba ta da danƙo. Suna zama unguwa guda, rumfa kusa da rumfa. Macen tana jera jakunkunan ƙwanta a tsaye kamar tasbaha. A nan sai in faɗi gaskiya: in suka yi yawa ainun sukan lulluɓe reshe, busasshen ganye ya taru a ciki. Maganin wannan kara ne, a rage su da hannu, ba sai an kai ga feshi ba.

Na biyar, Mai Aikin Dare, jinsin Neoscona. Shi ne wanda ke sa ka fita da asuba ka ji yana ta rufe maka fuska a hanyar da jiya babu komai. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, jikinsa da gashi, cikinsa kamar ƙwayar gujiya. Da magariba yake kafa saƙa, sau da yawa kusa da fitila inda sauro da faɗa-wuta da gina ke taruwa, da gari ya waye kuma yakan naɗe kayansa ya shige cikin ganye. Sai da tocila ake ganin sa.

Na shida, Mai Dogon Baki, jinsin Tetragnatha. Danginsa daban ne, amma shi ma saƙar faifai yake yi. Siriri ne kamar tsinke, muƙamuƙansa dogaye, kuma in ya miƙe ƙafafu gaba da baya a jikin ganyen shinkafa sai ka rantse ganyen ne. Saƙarsa a kwance ko a karkace take bisa ruwa, tsakiyarta a buɗe. Wannan shi ne ɗan fadama na haƙiƙa. Ku je gonar shinkafa da sassafe kafin raɓa ta bushe, za ku ga saƙarsa ba iyaka.

TAMBAYOYI BIYAR

In kun ci karo da wanda ba ku sani ba, kada ku fara da launi, domin launi yana yaudara. Ku tambayi kanku abu biyar. Saƙar a tsaye take ko a kwance? A ina aka kafa ta, sama, ƙasa ko bisa ruwa? Da rana mai ita yake zama a ciki ko sai dare? Yaya yake ajiye ƙafafunsa? Mece ce siffar cikinsa, dogo, kewayayye ko mai ƙaya? Amsar waɗannan za ta kai ku ga jinsinsa. Tantance ainihin iri kuwa galibi sai an sa balagagge ƙarƙashin madubin ƙara girma na ɗakin gwaji, saboda haka ba abin kunya ba ne ɗalibi ya tsaya a jinsi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina zuwa kaka, daga Satumba zuwa Nuwamba, sa'ad da matan suka gama girma. In saƙar ba ta fito sosai ba, a fesa mata ruwa kaɗan, za ta bayyana. Mai waya ya ɗauki hoto ta sama da ta ƙasa, ya rubuta rana da wuri. Akwai manhajar iNaturalist inda masana daga ƙasashe daban-daban ke taimakawa wajen sa suna kyauta.

WANDA YA KAMATA A KIYAYA

Na san tambayar da ke ran iyayenmu mata: ba sa cizo? Kusan kowane gizo-gizo yana da dafin da yake kashe abincinsa da shi, amma waɗannan shida ba su da haɗari ga mutum. Ba sa cizo sai an matse su, in ma sun yi, ɗan zafi ne da kumburi na ɗan lokaci. Wanda ya cancanci hattara ba ya saƙar faifai ko kaɗan. Sunansa Latrodectus geometricus. Saƙarsa a hargitse take, ba tsari, a wuri mai duhu: ƙarƙashin kujera, cikin tsohuwar taya, bayan randa, ƙarƙashin bakin bokiti. Cikinsa kewayayye ne, a ƙarƙashinsa akwai tambari ruwan lemu mai siffar kalangu, jakar ƙwansa kuma tana da tsinaye kamar ƙarangiya. Shi ma matsoraci ne, amma cizonsa na iya sa zafi mai tsanani da ɗaurewar jijiyoyi. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora abu mai sanyi, a tafi asibiti, musamman in yaro ne. Kada a yi tsaga, kada a tsotsa. Dokar a taƙaice ita ce: saƙa mai tsari a sarari, a bar ta, saƙa hargitsattsa a lungun da hannu ke shiga, a share ta da tsintsiya.

Shi kuwa abin da muke ɗora wa tautau, sau da yawa aikin wani ɗan ƙwaro ne siriri mai ratsin baƙi da ruwan lemu, jinsin Paederus, wanda ke yawaita kusa da gonakin shinkafa, yana kuma bin hasken fitila. Ba ya cizo. Ruwan jikinsa ne ke ƙona fata in an murƙushe shi. In ya sauka a jikinka, hure shi za ka yi, in kuwa an riga an murƙushe, a wanke da sabulu nan take. Wani lokaci kuma ƙurajen da ke fitowa a jere a gefe ɗaya na jiki, masu raɗaɗi, ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jiki ta sake tashi, wannan kuwa sai likita. Rashin sani ya fi dare duhu.

ABIN DA YA SHAFE MU MU KABAWA

Wani zai ce, duk wannan me ya haɗa shi da ci gaban jiha? Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ba mu da abin tinƙaho da ya wuce fadama, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafa ya ƙara bunƙasa, famfon feshi kuma ya shiga kusan kowane gida. A 2017 wasu masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, sun ƙiyasta cewa gizagizan duniya na cin tan miliyan 400 zuwa 800 na abin da suke kamawa a kowace shekara, mafi yawansa ƙwari. Maganin feshi mai kashe komai ba ya bambanta ɓarawo da mai gadi. Ƙwaron ɓarna kuwa ya fi saurin hayayyafa, shi yake fara dawowa, ya tarar babu mai tare shi.

Ƙasar Indunusiya ta ɗanɗana wannan. Daga shekarun 1970 wani ɗan ƙwaro mai tsotson ruwan shinkafa ya addabe su, kuma bincike ya nuna yawan feshi ne ke kashe gizagizai da sauran maƙiyansa. A 1986 Shugaba Suharto ya hana amfani da magungunan ƙwari iri 57 a gonakin shinkafa, daga 1989 kuma aka buɗe makarantun manoma a cikin gona, inda ake koya wa manomi ya duba shukarsa ya ƙirga abokai da maƙiya kafin ya ɗauki famfo. Ban ce a daina feshi gaba ɗaya ba, ban kuma ce gizo-gizo kaɗai zai tsare gona ba, har ƙudan zuma yakan faɗa tarkonsa. Abin da nake cewa shi ne a duba kafin a fesa, a nemi shawarar malamin gona, a fesa inda cutar take kawai.

Wannan hikima ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, bai ɗore ba sai don ana hana su a Matan Fada har ranar biki ta zo. Kakanninmu sun san cewa in ana son ruwa ya yi albarka, sai an bar masa wani yanki ya huta.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Mai girma Shugaban Taro, roƙona uku ne, kuma duk ba su kai kuɗin fentin aji ɗaya ba. Na ɗaya, a ware kusurwa guda a lambun makaranta wadda ba za a taɓa fesawa ba, ta zama Matan Fadan ɗalibai. Na biyu, ƙungiya ta saya wa kulob ɗin kimiyya madubin hannu na ƙara girma, da tocila, da babban littafin rajista, domin kowane zango ɗalibai su rubuta abin da suka gani, da rana, da wuri, da zane. In aka yi shekara biyar ana haka, makarantar nan za ta mallaki tarihin halittun harabarta wanda ɗalibanta suka rubuta da hannunsu. Na uku, ni na ɗauki alkawarin zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata daga Satumba zuwa Nuwamba, in zaga da duk ɗalibin da ke so, da ƙarfe bakwai na safe.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, yawancinku 'ya'yan manoma ne kamar ni. In kun je hutu, ku duba bayan ɗakin mahaifiyarku, ku gwada tambayoyin nan biyar, ku nuna wa na gida bambancin mai kalangu da mai rubutu. Ɗiyar tawa da aka yi feshin dominta, yanzu ita ke riƙe mini tocila, kuma bana ita ta fara gano Mai Rubutu ya dawo cikin kuɓewarmu.

Ina roƙon gafarar malamaina in na yi tuntuɓen harshe a gabansu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da abokan karatu, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.